Ba Haka Yake a Rubuce Ba

Malamin adabi ya tura teburin falo gefe, ya miƙa wa matarsa littafin wasan kwaikwayo.

"Madam, taimaka ki karanta min maganar matar. Ɗalibar da na ba wa ta fito a matar ba ta iya fushi ba, ga shi kwanakin gwajin wasan sun kusa ƙarewa."

Tsohon wasa ne, a kan wata mata da ta farga cewa ba a taɓa tambayarta komai a gidanta ba. Duk shekara yana koyar da shi, duk shekara muryarsa tana rawa a wuri ɗaya. Ɗalibai kan ce babu wanda ya fahimci mata kamarsa. Matarsa ba ta taɓa musawa ba. Ba a tambaye ta ba.

Da safen nan aka kira daga kantin maganin da ta yi aiki kafin aure, suna so ta dawo. Wayarta na kusa da shi, sai ya ɗauka. "Ta gode, amma ta ce a'a." Tana tsaye a lokacin, da bokitin wanki a hannu.

"Fara daga nan," ya nuna mata. "Da ƙarfi fa!"

Ta karanta layi biyu, ta rufe littafin.

"Malam, ni ban ce a'a ba. Ina son aikina. Na gaji da jin ra'ayina daga bakinka."

Ya tafa. "Madalla! Muryar ta yi! Amma ba haka yake a rubuce ba, duba shafin da kyau."

Hawaye suka zubo mata.

"Har da hawaye! Kai, da ke na sa tun farko!"

Inna, mahaifiyarsa, ta leƙo daga ɗakinta. "Wane irin wasa? Fitsara dai! Kai ka kwaso mana littafin nan cikin gida, ga shi nan ya yi baki. Ke kuma me kika rasa? Ci ko sutura?"

"Ban rasa ba, Inna."

"To, me?"

Ta buɗe baki, mijin ya riga ta: "Gajiya ce kawai, Inna."

Washegari ta nemi izinin zuwa gidan yayarta, ya ba ta, yana cewa ai za ta huce. Ta yi zamanta can, ba ta zagi kowa ba, ba ta nemi saki ba. Kullum tana kiran Inna ta gaishe ta, Inna na amsawa da hanci. Kukanta kuwa a bayan ƙofa take yi, don har yanzu tana son mutumin.

Ranar wasan, ɗalibar ta yi fushinta daidai yadda aka koya mata. Zauren ya ɗauki tafi. Malam ya ɗaga hannu zai tafa, ya kasa.

Daga can ya wuce gidan yayar.

"Yaya, ta ce za ta..." Ya tsaya. Ya juya ga matarsa. "Me kike so?"

Tambayar baƙuwa ce, sai da ta nemi inda za ta ajiye ta. Leɓensa ya motsa, ya cije shi.

"Aikina," ta ce. "Da kai – in za ka iya bari in kai ƙarshen magana."

Ta koma gida, ta koma kanti. Inna ta daɗe ba ta sauko ba, kuma shekarun da aka yi shiru ba wanda ya dawo da su.

Darasin ba shi da tsawo: wanda kake so, ka tambaye shi, sannan ka yi shiru. Na biyun ne ke ba malamai wuya.