Akwai Gajiya, Baba

Tun hantsi Auta take tsalle a falo kamar wadda aka zuba wa garwashi a takalmi, don yau saurayinta zai zo gaida Baba. Ta share, ta goge, ta kashe talabijin, ta fitar da turaren wuta waje.

"Gwaggo, don Allah yau a yi magana a hankali. Hayaniya na damunsa!"

"Ji min yarinya!" in ji Gwaggo, yayar Babanta. "Gidan ƙanina za ki koya min zama?" Ta sake kunna talabijin, ta ƙure murya.

Ƙarfe huɗu daidai Mai Agogo ya yi sallama. Saurayi ne tsaf, mai shagon gyaran agogo, shekara biyu yana son Auta. Ya durƙusa ya gaida Baba.

"Ina gajiya, samari?"

"Akwai gajiya, Baba. Mota biyu na hau, ta biyun rediyonta bai yi shiru ba."

Baba ya ɗago kai. Tunda yake bai taɓa jin an amsa gaisuwa haka ba. Gwaggo ta karkace baki ta ce, "To ya ka ga 'yar tamu? Ba ta fi kowa kyau ba?"

"Ban ga kowa da kowa ba, Gwaggo. Amma ita nake so."

Daɗi ya kusa kashe Auta a bayan labule. Gwaggo kuwa ta tafa hannu, ta rafka salati. Ga talabijin na ihu, ga wayarta ta ɗauki ƙara. Mai Agogo ya toshe kunnuwa da hannu biyu, ya miƙe ya fice, ko sallama babu.

"Aljanu ne!" in ji Gwaggo. "Na rantse aljanu ne!"

Auta ta fito daga bayan labule. "Otizim ne, Gwaggo, shi ya sa ba ya jure ƙara! Ba cuta ba ce, haka Allah Ya yi shi!"

"Ko me sunansa," Baba ya ce, "wanda ya fice min babu sallama ba zan ba shi 'yata ba."

Auta ta sha kuka har ido ya kumbura, amma ba ta yi wa uba tsiwa ba. Sati uku Baba yana bincike. Ya tambayi maƙwabta, ya tambayi wani likita, har mai kiɗan ƙwarya da an samu da an tambaya. Ran nan Auta ta kawo masa ruwa, ta durƙusa.

"Baba, kowa ka tambaya a kansa. Shi kaɗai ne ba ka tambaya ba."

Washegari suka tafi shagon tare. Ɗan ɗaki ne shiru, ƙananan sukurori jere a murafen kwalba, kowanne da gurbinsa.

"Me ya fitar da kai daga gidana?"

"Ƙara, Baba. Tana shiga kaina kamar ƙusa. Da na zauna da na yi ihu a gabanka, shi ya sa na fita. Ka yafe min."

Baba ya ce, "To in 'yata ta yi fushi fa?"

"Ba na gane fushi a fuska. Mun yi magana da ita. Za ta faɗa min da baki, ni kuma in ajiye abin da ke hannuna in saurara."

Baba ya fashe da dariya har hularsa ta zame. "Shekara talatin ina aure ban koyi wannan ba! Turo min magabatanka."

"Wace rana, Baba? Ƙarfe nawa?"

"Asabar, ƙarfe goma!"

"Wayyo Allah, Babana!" Auta ta daka tsalle, sai ta tuna inda take, ta ƙarasa ihun a cikin mayafi.

To ku ji, 'yan mata, haƙuri bai taɓa ba mai shi kunya ba. Ku kuma iyaye, in kuna son sanin mutum, ku daina zagaye unguwa kuna tsintar labarinsa. Yana da baki. Ku je ku tambaye shi.