Durƙuson Shahida a Layin Zaɓe

Shahida tana tsakar gidansu a Roni tana tankaɗen garin dawa, mahaifiyarta Umma Fatu na gefe tana gyaran kuka, sai yayanta Sabiru ya banko ƙofa ko sallama babu. Ya watsa mata fostocin kamfen ɗinsa a cikin garin.

"Ga su nan, ki tuƙa tuwo da su! Munafuka!"

"Kai Sabiru, lafiya?" in ji Umma.

"Tambaye ta, Umma! Yau an yi diskwalifayin ɗina a gaban kowa, saboda ita da saurayinta!"

Shahida ta fashe da kuka. "Wallahi Yaya ba da gangan ba ne. Gaisuwa kawai na yi!"

Su biyun suna karatu a wata kwaleji a Kazaure. Ɗaliban Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna da ƙungiyarsu, kuma in za su zaɓi shugaba ba sa jefa ƙuri'a. Ɗan takara yakan tsaya a filin ƙwallo, masu son sa su yi layi a bayansa, a ƙirga kawuna. Bana mutum biyu suka fito: Sabiru, da Sharfuddeen ɗan garin Kanya Babba, wanda iyayensa suka riga suka kawo goron neman auren Shahida. Shi da kansa ya ce mata, "Bi layin yayanki, ba zan ji haushi ba."

Da Sabiru ya ga mutanensa ba su da yawa, sai ya tafi wurin Baffa Maikasuwa, ƙanin marigayi babansu, shugaban 'yan acaɓan unguwa. Baffa ya kwaso yaransa, aka aro musu katin ɗalibai suka rataya a wuya. Shi ma, mutum mai mata da 'ya'ya, ya aske gemu, ya sa wandon jins da hular hana-salla, ya shiga layi.

Shahida ba ta san da wannan ba. Tana tafiya zuwa ƙarshen layin yayanta sai idonta ya faɗa kan baffanta. Yarinyar da aka rena da tarbiyya ba ta wuce babba a tsaye. Kafin ta yi tunani gwiwoyinta sun kai ƙasa.

"Baffa, ina wuni? An zo lafiya?"

Mai ƙirgar kawuna yana kusa. Ya juyo. "Baffa kuma? Wane aji kake, Baffa?" Ya ɗaga katin da ke wuyan Baffa ya karanta da ƙarfi: "Nafisat!"

Fili ya ɗauki ihu. "Baffa Nafisat! Baffa Nafisat!" Aka tsamo 'yan acaɓa ɗaya bayan ɗaya, aka soke takarar Sabiru, aka ɗaga hannun Sharfuddeen.

Sabiru bai gama zayyana wa Umma ba sai ga Baffa Maikasuwa ya shigo, idanunsa jajur, haɓarsa fayau.

"Ke! Ni kika tozarta? Yara a tasha suna kira na Nafisat! To ki sani ni ne waliyyinki. Muddin ina numfashi, ba zan ba da aurenki ga wannan ɗan Kanya ba!"

"Baffa ka yi mini rai…"

"Yanzu ma Baffan za ki sake cewa? Rufe mini baki!"

Washegari ya ɗaure ƙwaryar goron a bayan babur, ya mayar Kanya Babba da hannunsa. Umma ba ta iya ja da ƙanin miji. Ta ce, "Ki yi mini alkawari ba za ki ƙara kula yaron nan ba, har Allah Ya kawo sauƙi." Shahida ta yi alkawari tana hawaye, kuma ta riƙe shi. Ba irin 'yan matan yanzu ba ce, masu cewa "to" a gida su koma bayan katanga da waya.

Sharfuddeen ya tare ta a bakin ɗakin lacca. "Shahida, ko kallo? In shugabancin ne, yau zan ajiye shi."

"Kada ka ajiye. An hana ni magana da kai, kuma na yi alkawari." Ta wuce, ba ta waiwaya ba.

Damina ta yi nisa, Shahida ta rame, mayafinta kullum a jiƙe da hawaye. Amma zuciyar Sabiru ba ta huce ba. Raba su bai ishe shi ba, so yake ya ga Sharfuddeen ya ɗauki akwatinsa ya bar makarantar.

Sai dama ta samu. Famfon hostal ɗin mata ya daɗe ba ruwa, Sharfuddeen ya shirya tattakin lumana zuwa ofishin hukumar makaranta, ya kuma ɗauki alkawari a gabansu cewa in aka fasa ko gilashi ɗaya, shi za a kora.

Ana gobe tattakin, Sabiru ya tsaya a kan Shahida tana wanke-wanke, yana murmushin mugunta.

"Ki shirya kuka mai kyau. Gobe Baffa zai kawo yaransa da jakunkunan goyo cike da duwatsu. Su shiga cikin ɗalibai, su yi ruwan jifa, su hau babur su ɓace. Kwamared ɗinki ya koma Kanya ya yi noman gyaɗa!"

"Yaya, ka ji tsoron Allah! In dutse ya sami wani fa?"

"Lokacin da ake mini ihu a fili wa ya ji tausayina?" Ya fizge wayarta ya jefa aljihu. "Je ki gaya masa mu gani, mai alkawari!"

Shahida ta zauna hannunta cikin ruwan kumfa. In ta je wurin Sharfuddeen ta karya alkawarin uwa. In ta je wurin hukuma, yayanta za a kora, ko a ɗaure. Ta ɗauraye hannu, ta ja mayafi, ta nufi gidan kakarsu Inna Tasalla, wadda ta haifi babansu da Baffa Maikasuwa.

Inna ta saurara tana jan carbi, ba ta katse ta ba. Da ta gama sai ta ce, "Wato don kin gaishe shi ya hana ki aure? Shi da na koya wa durƙuso da bulala? Ɗauko mini kujerata da sandata, gobe zan je makaranta ni ma."

Da hantsi suka sauka daga bas a mararrabar da ke kaiwa ƙofar kwalejin. Shahida ta dasa kujerar a inuwar darbejiya, daidai inda hanya ta matse saboda wani rami da ruwa ya ci. Ba a jima ba sai ga ƙarar babura, Baffa a gaba, Sabiru a bayansa, kowa da jaka ƙatuwa a gadon baya.

"Maikasuwa!"

Baffa ya taka birki har ya kusa faɗuwa. Ya sauka, ya cire hula, ya durƙusa a rana. "Inna… ina kwana?" Sabiru ya bi shi. Yaran duk 'yan unguwa ne, babu wanda Inna ba ta je sunansa ba. Kowa ya kashe babur ya zube.

Ba a tashi daga gaban babba sai ya sallame ka. Inna kuwa ba ta da gaggawa.

"Lafiya lau. Ya iyali? Ya gero, ya fara kai? Kai na baya, ba ɗan Zara ba ne? Ya ƙafar uwarka? Akuyar nan taku ta haihu?"

Wani ya kai hannu zai sauke jakarsa. Inna ta buga sanda a ƙasa.

"Bar ta a bayanka! Ba ɗalibai ba ne ku? Ɗalibi ba ya ajiye littafi a ƙasa."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, uwa da uba da gona da dabba. Gumi ya jiƙe riguna, gwiwoyi suna rawa, duwatsu suna danna kafaɗu. Daga cikin makaranta ana jiyo waƙar ɗalibai ta tashi, ta yi nisa, ta lafa. Tattaki ya ƙare ba a fasa ko kofi ba. Shahida tana tsaye bayan kujera, kanta a ƙasa.

Labari ya kai wa Sharfuddeen. Ya fito da gudu, ya ga jakunkunan, ya gane komai. Bai kira masu gadi ba. Ya zo ya durƙusa a rana kusa da Sabiru.

"Inna, ki yi musu afuwa. Sabiru yayana ne."

Sabiru ya kasa ɗaga ido. Hawaye ya gauraya da gumin fuskarsa.

"Ka ji ɗan mutane," in ji Inna. "Ku juye littattafan naku a ramin nan, hanya ta gyaru. Kai kuma Maikasuwa, goron da ka mayar, kai za ka je ka roƙo a dawo da shi. Kuma sai ka durƙusa wa uban yaron nan kamar yadda 'yarka ta durƙusa maka. Ka ji ko ba ka ji ba?"

"Na ji, Inna."

"To, yanzu ku tashi."

Da ƙyar wasu suka miƙe, sai da aka kama su.

Bayan an girbe gero aka ɗaura auren Shahida da Sharfuddeen a Roni. Baffa Maikasuwa ne ya ba da ita, gemunsa ya dawo, amma sunan Nafisat bai bar shi a tasha ba har yau. Sabiru ne ya yi ta rabon goro.

'Yan mata, ku duba. Shahida ba ta yi ƙarya ba, ba ta saɓa wa uwarta ba, ba ta tona yayanta a waje ba. Ta yi haƙuri, ta kai kukanta inda ya dace. Ladabin da ya jawo mata kuka shi ya dawo mata da mijinta. Masu neman ramuwa kuwa, su suka yini a rana da dutse a baya.