Masu Kujerar Baya

Shekara biyu ke nan matuƙiyar ba ta taɓa ƙaramin jirginta na sama ba, tun ciwon bayan da ya kwantar da ita. Gobe za a gwada ta, in ta faɗi sai dai ta haƙura da tuƙi. Shi ya sa magariba ta same ta ita kaɗai a rumfar jirage, tana tsiyayo mai a kwalba don ta ga ko ruwa ya shiga.

Sai ƙamshin turare ya danne warin mai. Ga wani tsoho tsugune a ƙarƙashin fiffike, cikin kayan kanikanci, hannuwansa tas, ko ɗigon baƙin mai babu.

"Sannu Baba, ban ji shigowarka ba."

"Ai ban shigo ba, 'yata," in ji shi. "Duba wayar wutsiya, tsatsa ta cinye ta."

Ta haska fitila. Saura sili biyu wayar ta tsinke. Ta juyo za ta yi godiya, babu kowa.

Ta faɗa cikin jirgin ta ja ƙofa, ta ɗora abin sauraren rediyon jirgin a kunne ko zuciyarta ta lafa. Sai ta ji numfashi a cikinsa, kusa-kusa, sannan muryar tsohon.

"In an gyara, ki riƙa sauka a hankali. Iyalina sun saba da kujerar baya."

Ta gilashi ta hango batirin jirgin a kan tebur, ko haɗa shi ba ta yi ba. Kujerar da ke bayanta ta yi ƙara, kamar an gyara zama.