Layin da Magini Ya Ja

Bokitin wanki ta je ɗaukowa. Rana ta faɗi, hasken da ya rage a tsakar gida bai wuce na neman takalmi ba, ga kayan da ta jiƙa tun la'asar suna jiran ɗauraya. Ta san inda bokitin yake: sabon ɗakin da ɗanta Dogo ya gina a bayan gida, wurin da a da ake jibge tarkace. Magini ne, kuma duk abin da hannunsa ya ɗauka ba ya sanin hanyar komawa.

Ta tarar da shi tsaye tsakiyar ɗakin, ba riga, ƙurar siminti har gira. Ya kwashe komai waje. Bokitin nata yana kife a bakin ƙofa, matarsa na zaune a kai, waya a hannu ɗaya, 'yar takarda a ɗayan. Koyarwa take yi a makaranta, shi ya sa duk gidan Malama ake ce mata.

"Tashi min daga kan bokiti, ba kujera na sayo miki ba."

"Yi haƙuri, Inna. Zo ki ga abin da ɗanki ya kwaso mana."

Wani farin abu ne kamar ƙaramin akwati mai maɗauri, da wasu mariƙai guda biyu. Dogo ya ce in mutum ya ɗaura shi a ido sai ya ga kansa a wata duniya, ko teku, ko sararin sama, ko filin dambe, kamar ya miƙa hannu ya taɓa.

"Wadda kake ciki ka gama da ita ne?"

"Kai Inna. Motsa jiki ne fa. Likita ya ce tumbi ya fara min yawa."

"Mutumin da ke ɗaukar bulo tun safe shi ne mai neman motsa jiki. Jaki a baki ake sa masa takunkumi, kai ka je ka sayo na ido da kuɗinka."

Malama ta ƙyalƙyale da dariya. Inna ba ta yi ba, amma ba ta tafi ba. Ta harɗe hannuwa ta jingina da ƙofa, don shirme ma gara a yi shi a gaban idonka.

Malama na karantawa, Dogo na bi. Ya ɗaura, ya matse maɗaurin ta ƙeya har rubutu ya fito masa sarai. Ya zura igiyoyin mariƙan a wuyan hannu. Ya sunkuya ya taɓa ƙasa da na dama don abin ya san inda daɓe yake. Duk abin da yake gani yana fitowa a wayar Malama: ɗakin ne dai, bango huɗu da taga ɗaya, sai dai launinsa ya koma na toka.

"Saura iyaka," in ji Malama. "Ka nuna ƙasa, ka ja layi kewaye da inda za ka tsaya. An ce ka bar kamu biyu tsakaninka da bango. Kada ka kai lungu."

"Wanda ya rubuta takardar nan bai taɓa riƙe igiyar awo ba. Ni na zuba daɓen nan. In bar rabinsa ga wa?"

Ya ja layinsa irin na magina. Jikin bango, kusurwa zuwa kusurwa, ya ratso ta bakin ƙofa ya haɗe. A wayar, shuɗin layi ya kwanta santal, ko ɗan karkata babu.

Abin ya yi ƙara. Siririya, sau biyu.

Malama ta kusanto da wayar fuskarta. "Wai akwai mutum ko dabba a cikin iyakarka. A fitar da shi, ko a sake jan layi."

Inna ta dubi ɗakin. Babu kowa sai ɗanta.

Ta dubi wayar. A lungun can na hagu, wasu jajayen ɗigo sun taru sun yi siffa. A tsugune take. Gwiwoyinta sun wuce kanta.

"Danshin bango ne," in ji Dogo.

"Danshi ba ya tsugunawa. Cire abin nan."

"Inna..."

"Na ce ka cire. Wanda ya riga ka zama a wuri ba a zagaye shi da layi."

Ya danna ci gaba.

Ɗakin tokar ya ɓace daga wayar, filin dambe ya fito, fitilu, jama'a na ihu ƙasa-ƙasa. Darasin farko: ga buhun koyo yana rataye, a kai masa naushi ɗaya. Buhun ya tsaya daidai lungun hagu.

Dogo ya gyara tsayuwa. Hannun magini ne, kamar turmi. Ya saki.

Tim.

Ba daga wayar ƙarar ta fito ba. Daga lungun ta fito, ƙarar nama a kan nama.

Wari ya taso. Ƙonannen gashi da jiƙaƙƙiyar toka.

"Kun ji?" Muryar Dogo ta sirance. "Hannuna ya taɓa..."

Kansa ya fizgu gefe. Wani abu fari ya fito daga bakinsa, ya gangaro kan daɓe, ya tsaya gaban ƙafar Inna. Haƙori ne, har da saiwarsa.

Bugu na biyu a ciki ya same shi. Ya naɗe. Na uku ya ɗaga shi daga ƙasa, ƙafafunsa na wutsil-wutsil a iska, aka maka shi da bango har filasta ta zubo. Inna ta ji ƙas, ƙas. Ta taɓa jin irin ƙarar a wurin mahauta.

Malama ta kurma ihu. Dogo ya rarrafo ƙofa, jini na zuba ta ƙarƙashin abin idon. Ƙofa a wangale take. Ya kawo kai bakin dokinta, goshinsa ya bugi wani abu da ba a gani, ya koma baya.

Layinsa ne. Ya ratsa ta nan.

Aka ja shi ta ƙafa zuwa tsakiyar ɗaki. Faratansa suna kartar siminti.

Inna ta tuɓe takalmanta. Ta yi a'uziyya, ta tsallaka. Layin bai tare ta ba, sanyi kawai ta ji ya ratsa ƙaurinta. Ta damƙi maɗaurin ta fizge abin daga fuskar ɗanta. Idonsa na dama ya kumbura ya rufe. Ta kama shi ta hammata ta ja zuwa ƙofa da duk ƙarfin da shekaru suka bar mata.

Ita ta fita. Shi ya maƙale.

Wuyansa ya lotsa. Shatin yatsu ya fito a fatar, dogaye, sun zagaye wuyan har sun haɗu.

"Malama! Wa ke iya goge layin nan?"

"Sai... sai wanda ya sa a ido, Inna."

Inna ba ta taɓa zama a aji ba. Ko sunanta aka rubuta ba za ta gane shi ba. Ta koma ciki, ta zare mariƙan daga hannun ɗanta, ta kifa abin a fuskarta. Yana da ɗumi, yana warin jininsa.

Ta gan shi.

Tsawonsa ya sa ya ranƙwafa a ƙarƙashin rufi. Jajayen ɗigo ne tun daga sama har ƙasa, suna motsi kamar tururuwa a kan mushe. Gwiwarsa ɗaya na kan ƙirjin Dogo. Hannuwansa biyu na wuyan.

"Faɗa min. Kada ki karanta min, ki nuna min."

"Maɓallin hannun hagu, na ƙasa." Malama raɗa take yi. "Akwatuna za su fito. Na uku. Mai zane kamar tabarma."

Ta danna.

"Ba ya goguwa, Inna. An ce sai an ja sabo tsohon zai mutu."

Dogo ya daina shure-shure. Diddigensa kawai ke ɗan bugun ƙasa.

Inna ta sunkuya kamar mai shara. Ta nuna ƙasa dab da yatsun ƙafarta, ta fara juyawa. Layi ya biyo ta, karkatacce, yana rawa. Faɗin faranti take so, iya inda ƙafafunta biyu suke, ba ɗanta a ciki, ba wancan.

Rabi.

Kan ya juyo. Babu fuska, rami ne.

Ya saki wuyan.

Taku ɗaya ya yi ya iso. Ya kama wuyan hannunta na dama, ya murɗa kamar ana matse tsumma. Ta ji ƙashin ya rabu. Ta ciji leɓenta har ya fashe, ba ta ba shi ihu ba.

Mariƙin dama ya faɗi.

"Na hagu ma yana ja!" Malama ta ƙwala. "Inna, na hagu!"

Saura taƙi ɗaya layin ya haɗe. Hannun abin na cikin giɓin, yana riƙe da ita.

Ta ja layin ta kan hannun.

Layin ya haɗe, ya datse yatsu uku.

Ƙarar da ta biyo baya ba ta shiga ta kunne ba, ta haƙora ta shiga. Gilashin taga ya tarwatse. Tsohon layin ya mutu daga jikin bango.

"Ja mijinki! Ja shi!"

Ta ji ana jan jiki a kan siminti. Ta ji kansa ya bugi dokin ƙofa, ya wuce.

Saura ita.

Abin yana zagaye farantin layinta. Ya kai duka, shuɗin haske ya tashi ya tare. Ya sake. Ya sake. Yatsun nan uku suna mutsu-mutsu a kan ƙafarta, ta take su da diddige.

Wani ɗan jan zane ya fara ƙiftawa a gefen idonta.

"Mene ne wannan mai ƙiftawa?"

Abin ya sake kai duka.

"Malama."

"Caji ne, Inna. Zai mutu."

"Taku nawa tsakanina da ƙofa?"

"Uku."

Ta jira ya zagaya bayanta. Ta cire abin idon da hannu ɗaya, ta wurga shi lungun hagu iya ƙarfinta. Iska mai zafi ta bi shi.

Ɗaya.

Biyu.

A na uku wani abu ya tsarge bayanta daga kafaɗa zuwa ƙugu, zane da fata gaba ɗaya. Ta faɗo tsakar gida da fuska. Malama ta banko ƙofa ta danna sakata, ta zauna a ƙasa ta tokare ta da baya.

Daga ciki aka buga sau ɗaya. Ƙasa-ƙasa, daidai tsayin mai tsugune.

Ba a sake ba.

A asibiti likita ya ƙirga haƙarƙari biyar a karye, ido ɗaya ya tafi, maƙogwaro saura ƙiris. Ya tambayi mutum nawa suka taru a kan bawan Allah nan, don a kira 'yan sanda.

"Ɗaya ne," in ji Inna. "Kuma ɗana ne ya fara kai hannu. Yi aikinka."

Ɗinki talatin da biyu aka yi mata a baya. Hannun dama ya warke a karkace, da hagu take cin abinci yanzu, kuma wanda ya kalle ta sau biyu sai ta tambaye shi ko ya ajiye wani abu a fuskarta. Abokan aikin Dogo suka zo suka toshe ƙofar ɗakin da tagar da bulo. Da hantsi suka yi aikin, ba wanda ya yi hira. Kyanwar gidan ta daina bi ta wajen ɗakin, kaji ma haka.

Can a asibiti, kwana huɗu Dogo ya yi bai farka ba. Inna ta ƙi gadon da aka ba ta, ta sa aka ajiye mata kujera a gefensa, ta zauna a karkace saboda ɗinkin, idonta a kan ƙirjinsa. Ya hau, ya sauka. Ya hau, ya sauka. In ya yi jinkiri sai ta zungure shi da yatsa.

Rana ta biyar da safe idon da ya rage ya buɗe. Ya daɗe yana kallonta, da hannunta da ke naɗe, da leɓenta. Bakinsa ya motsa. Ta sunkuyo.

"Inna... ki yafe..."

"Rufe min baki," ta ce. Ta ɗora hannun hagu a ƙirjinsa, ba ta ɗauke ba. "Numfashi na sa ka. Yi ta yi."