Darasi na Arba'in

Rana ta kusa faɗuwa lokacin da Dakta ya shigo da mota gida, ya sauke kwali uku na tsofaffin kasetoci a bakin ƙofar falo. Shi ne shugaban sashen harsunan waje a jami'a, kuma a makon nan aka rushe tsohon ɗakin sauraro don a ƙara faɗin sabon bene. Kasetocin nan niyyarsa ya ƙone su, gajiya ce kawai ta sa ya bari sai gobe.

Auta ce ta buɗe kwalin. Shekararta goma sha bakwai, ba ta da buri sai shiga sashen babanta. Ta kakkaɓe tsohuwar rikodar mamanta, ta sa kaset ɗaya. Murya ta fito, mai kauri, a natse. Dakta yana cire takalmi ya tsaya cak, domin ya san mai ita.

Baba Maimaita ne. Shi ya kafa sashen da ɗalibai tara da harshe ɗaya, Faransanci, a ɗaki mai kujeru goma sha biyu, kowace da abin sawa a kunne. Haka yake koyarwa: ya faɗi jimla a kaset, ya ce a maimaita, sai ya bar fili shiru don ɗalibi ya faɗa. Daga nan ɗalibai suka laƙa masa sunan. Dakta yana cikin taran nan na farko.

Muryar ta faɗi jimla, ta yi shiru. Auta ta buɗe baki za ta maimaita, sai wani ya riga ta. Daga bayan labule ya fito, da muryar tsohon sak. Babu kowa a bayan labulen.

Sai dutse ya faɗo a kan kwanon rufi. Aka yi shiru daidai tsawon filin kaset, wani ya sake faɗowa.

Kwana tara ana haka. Da zarar hasken yamma ya fara dusashewa sai jifa ta tashi, ɗaya, shiru, ɗaya. Da safe matar Dakta ta share tsakar gida ta tara abin da aka jefo. Ba duwatsu ba ne, ɓaraguzan siminti ne masu shuɗin fenti a gefe ɗaya. Ta kawo masa a faranti.

"Baban Auta, ka san wannan fentin?"

"Ina zan san shi?"

Ƙarya yake yi, wallahi. Fentin ɗakin sauraron ne, shekara huɗu yana jingina da bangon nan yana ɗalibi.

Abin da ya fi jifa tsanani shi ne Auta. Harshen gida ya ɗauke daga bakinta. Uwarta ta kira ta, sai ta juyo da idanu a buɗe ta maimaita abin da aka ce, da Faransanci, da muryar tsoho. Ba ta neman abinci, ba ta neman ruwa, domin ba ta fara magana da kanta. Likita ya duba, ya ce bai ga komai ba. Yarinya tana ramewa a gaban idonsu.

Dakta kuwa kullum yana fita aiki. Sashen da ya fara da mutum tara yanzu ɗalibai ɗari shida ne, harsuna biyar, har da Sinanci da Jamusanci, ga kwamfutoci a jere, ga baƙi daga ƙasashen waje ana zagayawa da su. Yana nuna musu komai yana murmushi. Akwai abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba. Shi ya rubuta rahoton da ya ce hanyar tsohon ta tsufa, shi ya sa hannu aka sallame shi. Tsohon bai yi gardama ba. Abu ɗaya ya roƙa, a ba shi ɗakin na yamma guda ya naɗi darasin ƙarshe, domin arba'in ya tsara, talatin da tara ya yi. Sau uku yana hawo benen da sandarsa, sau uku Dakta yana cewa ya dawo mako mai zuwa. Bara ya rasu. Ranar jana'izarsa Dakta yana taron karɓar sabon gini.

A rana ta goma matarsa ta ce, "Ko ka yarda ko kada ka yarda, na aika a kira mai ruƙiya. 'Yata ce."

Mai ruƙiyar ya iso gab da magariba, dattijo siriri marar yawan magana. Ya sa aka zaunar da Auta a kan darduma, uwarta ta riƙe ta ta baya. Ya fara karatu a hankali. Jifa ta tsaya. Gidan ya yi tsit, har ana jin ɗigar famfo daga kicin. Can jikin yarinyar ya sandare, wuyanta ya miƙe.

"Wane ne kai?" in ji malamin. "Ka yi magana da harshen da zan ji."

"Mai kujera ta goma sha biyu," muryar tsohon ta amsa daga bakin Auta.

Dakta ya zauna a ƙasa. Kujerar lungu ce, wadda abin kunnenta ya lalace tun da can, babu mai zama a kanta.

"Muryar wa ka ɗauka?"

"Ta malamina. Da ita na koya, ba ni da wata. Kullum da yamma idan ɗalibai sun watse yakan sa kaset ya gwada, ya bar fili, ni nake cikewa. Shekara talatin ban yi fashi ba. Idan zai rufe ƙofa yakan ce a kwana lafiya. Ya san da ni."

"To me yarinya ta yi maka?"

"Ita ta kunna. An rushe mini wurin zama, an hana ni ƙarshen karatuna. A ƙarshen na talatin da tara ya ce gobe za mu koyi yadda ake sallama. Ina ta jiran goben. Zan zauna a harshenta har ta zo."

"Wanda ya yi maka alkawari ya riga mu gidan gaskiya. Ka ji tsoron Allah ka fita."

"Na sani. Ga wanda ya hana shi nan zaune."

Matar Dakta ta juyo ta dubi mijinta. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi a kan wannan kallon.

Malamin ya ci gaba da karatu har yarinyar ta fara karkarwa, muryar tana nishi. Daga bisani muryar ta ce ta yarda, a ba ta darasin, ta tafi.

"Darasi ɗaya," in ji malamin. "Ba ɗaki, ba kujera, ba komawa sabon gini. Ka rantse."

Aljanin ya rantse. Malamin ya dubi Dakta. "Bismilla. Kai ne malamin yanzu."

Rabon Dakta da shiga aji shekara takwas, sai taro da takardu. Ya gyara zama a gaban 'yarsa. Ya faɗi jimlar farko da Faransanci, wadda ke nufin lokacin tafiya ya yi, ya bar fili. Muryar tsohon ta maimaita. Ya ce na gode da zaman da muka yi. Ta maimaita, da irin jan numfashin da tsohon yake yi kafin kalmar ƙarshe. Hawaye suka zubo wa Dakta. Ya manta da aljani, ya manta da malamin da ke gefe, malaminsa kawai yake ji a ɗakin. Sai ya faɗi abin da ba ya cikin kowane darasi.

"Ka yafe mini."

"Ka yafe mini," muryar ta mayar masa.

"A'a, amsa za ka ba ni. Don Allah."

"Ni maimaitawa aka koya mini. Faɗi amsar, in faɗa maka."

Dakta ya buɗe baki. Kalma uku ce, na yafe maka, yana faɗa zai ji ta da muryar da yake so. Malamin ya dafa masa gwiwa.

"Kada ka cuci kanka, Dakta. Ba shi ba ne. Rufe darasin, yarinya ta gaji."

Ya daɗe yana kallon bakin 'yarsa, leɓunanta duk sun tsattsage. Sannan ya ce sai wata rana. Muryar ta ce sai wata rana. Labule ya motsa sau ɗaya, Auta ta sulale a jikin uwarta.

Can ta buɗe ido, da 'yar muryarta ta ce, "Mama, ƙishirwa nake ji."

Uwar ta fashe da kuka, ta tashi da gudu ta nufi kicin. Malamin ya naɗe dardumarsa, ya yi musu addu'a, ya fita. Auta ta sha ruwa, ta dubi babanta da ke zaune a ƙasa har yanzu.

"Baba, wa kake jira ya yi magana?"

"Babu kowa," ya ce. "Sha ruwanki."