Gilasan Da Ya Aika Malesiya

Ranar da Zulaihat ta fara shiga ɗakin gwaje-gwajen jami'a, Nu'uman na wanke gilasai. Shi ke kula da na'urori, ita kuwa ɗalibar digiri na biyu ce.

"Malam, maiƙon waken suya nake so in shimfiɗa kan gilashi, ya fi ɓawon albasa sirantaka," ta ce. "In na zuba ƙwayoyin azurfa da ido ba ya gani, maiƙon zai sa su jeru da kansu."

Rabin zancen bai gane ba, amma ya kasa ɗauke ido daga kanta.

Wata biyar suna ɓata gilasai tare, har hannunsa ya fi nata iya shimfiɗar. Ta koma kiransa Injiniyana, shi kuma Zuly.

Sai ta sami gurbin shekara guda a Malesiya, inda ake da na'urar ganin ƙwayoyin. Kafin ta tafi ya tura kawunsa neman aurenta gidansu a Ƙofar Ƙaura. Mahaifinta, Alhaji Gwadabe, ya ce, "Ɗiyata boko ta yi mai zurfi. Ba ni ba mai wankin kwalabe ita."

Ta tafi. Duk wata yakan haɗa gilasai ya aika mata. In an tashi aiki sai ya zauna a kujerarta yana maimaita saƙonninta, waɗanda sunan wani Dakta Umair ya fara yawa a ciki. Daga nan ta yi shiru, mako uku.

Ya rubuta: "Zuly, in kin sami wanda ya fi dacewa da ke, faɗa mini. Zan jure."

Washegari da hantsi amsa ta zo: "Injiniyana, Dakta Umair malamina ne, jikokinsa uku. Zazzaɓi ya kwantar da ni asibiti, na ɓoye maka don kar ka damu. Gilashinka na talatin da ɗaya ya yi, ƙwayoyin sun jeru sahu-sahu. Na juya in nuna maka, ba ka nan, sai na fashe da kuka. Buɗe takardar nan da na haɗo maka."

Binciken da za a wallafa ne. Sunansa na biye da nata.

Da ta dawo ta miƙa wa mahaifinta takardar. Ya sa tabarau, ya daɗe kan sunayen biyu.

"Shekara guda yana yi maki aikin nan?"

"Ko wata ɗaya bai tsallake ba, Baba."

"Ce mashi shi turo manyanshi."

An ɗaura auren ranar Asabar. Da yamma kakarta Inno ta haɗa hannuwansu cikin nata. "Allah shi yi albarka, shi ba ku zuri'a ɗayyiba, kar shi sake nisanta ku."

Nu'uman ya amsa amin da ƙarfi, har matan ɗakin suka yi dariya.