Jam Tan

Wanda ya ɓoye asalinsa don kada a ƙi shi, maƙaryaci ne ko matsoraci? Tambaya ce mai wuyar amsa.

Hawwa ɗiyar Bube ce, makiyayi a wata ruga bayan Kagara. A dandalin manoman rani na Fesbuk kuwa sunanta Tauraruwa. Can ta yaba hoton gonar albasar Siddiƙu na Wurno, hira ta yi tsawo, har ta zama so.

Amma duk ranar da shanu suka shiga gonar wani, sai dandalin ya cika da zagin Fulani. Mainasara, wanda ya nemi ta kula shi ta ƙi, ya rubuta: "In munka gano ɗayansu cikinmu, sai mun watsa sunan rugarsu." Tun daga nan ko saƙon murya ba ta yi, kada harshenta ya tona ta.

Wata safiya tana hira da innarta, saƙon Siddiƙu ya shigo: "Sanyin idona, kin tashi lafiya?"

Yatsunta suka riga hankalinta: "Jam tan." Lafiya lau ke nan da Fulatanci. Ta goge, amma ya riga ya karanta.

Shiru har la'asar. Duk babur ɗin da ya doso rugar, sai ta ruga ta ɓuya a bukka. Sai ga kiransa.

"Mi as sunanki na gaskiya?"

"Hawwa. Don Allah kar ka hwaɗa ma kowa, ƙannena nika ji ma tsoro."

"Kunya ta hana ni kira, Hawwa. Ana zaginku ina dariya, ashe ke nika yi ma dariya."

Ta fashe da kuka.

Da Siddiƙu ya kai maganar aurenta gida, mahaifinsa Malami, wanda shanu suka cinye wa albasa bara, ya ce, "Ƙafata ba ta taka ruga."

Siddiƙu ya rubuta a dandalin da cikakken sunansa: "Wadda za ni aure Bafillatana ce. Mai zagi shi fara da ni." Mainasara ya yi ta habaici. Abin ya kai kunnen Malami a masallaci, ya gane da gaske ɗansa yake.

Ranar Juma'a Hawwa ta hango babura sun doso rugar. Wani tsoho ya sauko, ya tuɓe takalmi, ya zauna a tabarmar Bube.

"Ɗiyarka nika nema ma ɗana," in ji Malami.

Bube ya ce ya ba shi. Suka ɗaga hannu, Allah ya sa albarka.